Shekarar da Na Cire Kasona Daga Gandu

Ni tun ina ƙarama magana ba ta wucewa ta gabana salin-alin. In na ji an ce "haka ake yi," sai na tambayi wa ya fara yi, kuma don me. Innarmu, Allah ya ji ƙanta, takan ce da tambaya noma ce, da ni kaɗai na ciyar da Rawayau. Wannan halin ne ya kai ni aikin koyarwa, shi ne kuma ya jefa ni cikin abin da zan ba da labari, wanda har yau ban gama yanke wa kaina hukunci a kansa ba.

Babanmu ya rasu ya bar gandu guda a bayan Rawayau, cikin ƙasar Kurfi. Gona ce babba, ta tashi daga bakin hanya ta gangara har wani ɗan kwari mai riƙe ruwa. Ga wanda bai taso a ƙauye ba, gandu gonar gida ce ta kowa da kowa. Maza su fita tare da safe su noma ta, amfanin ya shiga rumbu ɗaya, maigida kaɗai ke buɗewa ya ba da awo. Mai son abin kansa sai ya yi gayauna, 'yar gonar da yake taɓawa da la'asar bayan an tashi daga gandu. Da Baba ya rasu ba a raba gado ba. Yayanmu babba ya zauna a mazauninsa, aka ci gaba kamar ba a yi komai ba, har shekara goma sha ɗaya. Mu biyar muka rage, maza uku, mata biyu. Mu matan muna gidajen aurenmu, in kaka ta yi a aiko mana da damman gero da ɗan wake, gwargwadon yadda Yaya ya ga dama. Ban taɓa rasawa ba, gaskiya ɗaya ce. Amma ban taɓa sanin ina ne nawa a cikin gonar ubana ba, abin kuwa yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Yaya mutumin kirki ne, sai dai ba ya ba da dalili. Amsarsa biyu ce a duniya, "to" da "ba yanzu ba," ta biyun kuma ta fi yawa. Na taɓa kawo masa irin gero mai saurin nuna, ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, bayan wata uku na same shi a ƙulle cikin ledarsa a saman katanga. Na ce a gwada riɗi a tudun, ya ce ba yanzu ba. Na ce kwarin nan zai yi tumatir da albasa da rani, ya ce Baba dawa yake sa wa. Ina dawowa gidana a Dutsin-Ma ina cika ina batsewa, maigidana yana dariya yana cewa ni da ban iya riƙe fartanya ba na fi manoma zafin noma.

Wanda yake ɗauke da gandun a zahiri kuwa ba Yaya ba ne, ɗan wani wanmu ne da ya rasu tun ina makarantar kwana, shekara biyu kafin Baba. Sunan Baba aka sa masa, don haka muke ce masa Baba Ƙarami. A lokacin da nake magana ya haura ashirin da biyar, da matarsa da 'ya'ya biyu, ga mahaifiyarsa a ɗakinta na nan cikin gida. Shi ke fara fita, shi ke ƙarshen dawowa, shi ya san inda tururuwa ke kwashe iri da inda ruwa ke yanka. Ni dai a raina ƙanena ne kawai, ban taɓa yi masa wani lissafi daban ba.

Ina koyar da Hausa a wata makarantar 'yan mata a Dutsin-Ma, kuma a ɗakin malamai mu huɗu ne a teburi ɗaya. Akwai Madam Lissafi, 'yar ƙabilar Ibo ce amma a Funtuwa aka haife ta, in tana faɗa da Hausa sai ka rantse kakarta ta daka fura. Akwai Mama Kimiyya, Bayarabiya, ta girme mu duka, ita ke raba mana faɗa kuma ita ke tayar da shi. Ta ukun muna ce mata 'Yar Dutse, don daga wata ƙaramar ƙabila take a duwatsun Filato, ƙabilar da takan ce in aka tattara su kaf ba za su cika kasuwar Dutsin-Ma ba. Da tara ta yi mu haɗa kuɗi a sayo awara da yaji, a ci a taɓa hira.

A shekarar nan maganar sake fasalin ƙasa ta cika rediyo da waya. Wasu na cewa a rage wa gwamnatin tarayya ƙarfi, kowace jiha ta riƙe arzikinta, ta yi 'yan sandanta, ta ci gashin kanta. Wasu na cewa a'a, a bar ƙarfi a tsakiya. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, tun kafin ɗayanmu ta buɗe baki na san abin da za ta faɗa, kuma ita ma ta san nawa. Mata huɗu, takardar koyarwa iri ɗaya, albashi daga aljihu ɗaya, amma kowa ta zo da ra'ayinta a goye tun daga gida. Sai tsohuwar cutar tawa ta motsa. Na daina musu, na koma tambaya, kuma tambayar ba ta siyasa ba ce. Nakan ce, "A gidanku ya ake yi?"

Madam Lissafi ta ce a garin kakanninta, namiji na yin aure ubansa zai yanka masa fili, ya kafa rumbun doyarsa, kuma ko uban nan ba ya leƙa masa rumbu sai da izini. In abu ya shafi gari a taru a dandali a yi ta musu har rana ta faɗi, babu wanda zai ce na yanke.

"To ki gaya mini," ta ce, tana lasar yaji a yatsa, "mutanen da suka taso haka, ya za a yi su ji daɗin a ce komai sai an je Abuja? Babana sai da ya tsufa yana mitar kayansa su sauka a Legas, ya bi su can, ya biya mota ta dawo da su ta ƙofar gidansa. Kowa ya ci guminsa mana. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, ba ku kuka faɗa ba?"

Na ce mata ai ita ba a can take zaune ba, in kowa ya koma ya rungume nasa, ita ina za ta? Ta ce wannan kuma ita ce ƙayar da ke cikin takalminta, tana son jiha mai ƙarfi a can, tana kuma son ƙasar da za ta ce ita 'yar Funtuwa ce ba a yi dariya ba. Na ji daɗin wannan amsa fiye da ta farkon, don ta fi kama da gaskiya.

Mama Kimiyya ita labarin mahaifinta take bayarwa. Ta ce zamanin da ake yankuna, da kuɗin koko aka koyar da shi karatu, ɗan manomi da ba shi da takalmi. A ganinta an yi tafiya mai kyau lokacin da kowane yanki ke tafiyarsa, sai aka zo aka ɗaure ƙafafun kowa da igiya guda aka ce a yi gudu. Ba ta son a rabu, ta nanata wannan, tana son dai kowa ya riƙe makullin ɗakinsa a cikin gida ɗaya.

'Yar Dutse ce ta ba ni mamaki. Na ɗauka Kirista 'yar tsakiyar ƙasa za ta bi bayansu, sai na ji ta fi ni tsoron a ba jihohi ƙarfi.

"In aka ba jiha 'yan sanda, wa zai riƙe su?" ta ce. "Babbar ƙabilar jihar ce, ba mu ba. Ni gara mai mulkin da ke nesa, wanda bai san gonar ubana ba balle ya yi sha'awarta. Duk wanda kuka ji yana a raba, a raba, ku duba da kyau, ya san yana da abin ɗauka."

Madam Lissafi ta ce wannan maganar matsorata ce. 'Yar Dutse ta ce ta yarda, ƙaramin mutum ai da tsoro yake kai tsufa.

Ni kuwa da aka zo kaina na zuba abin da na taso ina ji a zauren gidanmu da bakin maigidana. Na ce mu nan damina ɗaya gare mu, in ta ƙi shi ke nan sai baɗi, dole mu so rumbun da ya haɗa kowa. Na ce da gyaɗarmu da audugarmu aka yi wa ƙasar nan hidima kafin a san fetur, yanzu da ya zo ba za a ce kowa tasa ta fisshe shi ba. Na kawo tsintsiya maɗaurinki ɗaya, na kawo hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, malamar Hausa ce ni, karin magana ba ya yi mini wuya. Ina cikin jin daɗin bakina Madam Lissafi ta ajiye cokalinta.

"Malama, tsaya. Ba ke ce kullum kike zuwa nan kina kukan yayanki ya riƙe gonar babanku ba? Ba ya shawara da ke, ba ya gaya miki abin da aka samu, sai abin da ya ga dama ya aiko? Wato a Rawayau kina tare da ni, a Najeriya kuma kina tare da yayanki."

Suka kwashe da dariya har Mama Kimiyya ta ƙware. Na yi dariyar ni ma, amma ta ciki na ciki. Kwana da kwanaki maganar tana bina, a aji, a kicin, a kan babur. Na duba na ga dole ɗaya daga cikin bakunan nan nawa biyu ƙarya yake yi, kuma ni ba na iya zama da tambayar da ba ta da amsa. A ƙarshe na yanke cewa na gida ne mai gaskiya, tunda shi ne yake yi mini ciwo. Zan nemi kasona, in shuka riɗina, in ga iyakar abin.

Ranar wata Asabar bayan an gama girbi na tafi Rawayau. Na sami Yaya a zaure bayan azahar yana gyaran igiyar guga. Muka gaisa, na tambayi iyali, na tambayi amfani, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Bai ɗago ba.

"Ba yanzu ba," ya ce.

"Yaya, shekara sha ɗaya ke nan ana ba yanzu ba. Yaushe ne yanzun?"

"Mi kika rasa? An hana maki wani abu?"

"Ba a hana ni ba. So nake in san nawa. Haƙƙina ne, Allah ya ba ni."

"Haƙƙinki ne, ban musa ba." Ya ja igiyar ya gwada ƙarfinta. "Amma da kin bi ta tawa, da an bar kaza cikin gashinta."

Wannan maganar ce ta ƙara tunzura ni. Na ce masa in akwai wani abu a ƙarƙashin gashin ya faɗa mini, ni ba yarinya ba ce, ina koyar da 'ya'yan mutane. Na faɗi maganganun da ban kamata in faɗa wa wanda ya ɗauke ni a kafaɗa ba, har da cewa wanda ba ya son a buɗe rumbu shi ya san abin da ke ciki. Nan ya ɗago ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Na ga kamar zai yi magana, bakinsa ya motsa, sai ya mayar da kai ga igiyarsa.

"Tau," ya ce. "In bazara ta kama sai a kira Malam."

Na koma Dutsin-Ma ina jin kaina kamar wadda ta ci zaɓe. A zatona za a yanka mini 'yar tsiri a gefe, sauran su ci gaba da gandunsu. Ashe allura ce za ta tono garma. Kafin wata ya ƙare sauran 'yan'uwan maza biyu sun ji, kuma ashe kowannensu ya daɗe da abin a ransa, kunyar Yaya ce ta hana shi furtawa. Ƙanwata ma ta bugo waya daga Barkiya tana sa mini albarka, wai na yi abin da maza suka kasa. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin yabon.

Ranar rabon muka fita da hantsi, rana ta fara zafi, gonar fayau ba komai sai kututturen kara. Ga limamin unguwarmu, dattijo ne da ya karantar da yawancinmu, ga mai unguwa da mutum biyu shaidu. An zo da doguwar igiya da turaku da za a kafa kafin damina ta zo a dasa gamba a kan iyakoki. Baba Ƙarami ne ya riƙe bakin igiyar, don shi ya san inda gonar ta tsaya ta kowace kusurwa. Muka tsaya a inuwar gawo, Malam ya yi addu'a, ya fara lissafa magada. Ya kira Yaya, ya kira maza biyun, ya kira ni, ya kira ƙanwata. Ya ce namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya, gona za ta tashi kashi takwas. Sai ya ce a ja igiya.

Na ce, "Allah gafarta Malam, an manta gidan wanmu marigayi."

Aka dakata da jan igiyar. Malam ya dube ni, ya dubi Yaya, Yaya yana kallon ƙasa.

"Ba a manta ba, ɗiyata," Malam ya ce a hankali. "Marigayi ya riga mahaifinku tahiya. Wanda ya riga, ba ya gadon wanda ya bari. Ɗanshi kuwa jika ne, kuma jika ba ya gado in ga ɗiya maza na cikin mamaci a raye. Kin san wannan, ai a gabana kika karanta shi."

Na san shi kuwa. Da allo da littafi na karanta shi, na ci jarrabawa a kansa, in da wata ɗaliba ta tambaye ni a aji da na ba ta amsa ba tare da tunani ba. Amma a kaina hukuncin yana zaune a littafi, Baba Ƙarami yana zaune a gona, ban taɓa haɗa su wuri ɗaya ba ko sau ɗaya. Na tambaya ko Baba ya bar wasiyya. Aka ce bai bari ba, ai daga masallaci ya dawo ya kwanta, kafin magariba ya cika. Kunya da tsoro suka rufe ni lokaci guda.

Na juya wajen Baba Ƙarami. Yana tsaye da igiya a naɗe a hannu, fuskarsa ba ta canza ba.

"Na sani, Gwaggo," ya ce. "Tun ina ɗan shekara sha biyar na sani. Ba komi."

Na ce wa Malam na janye, a bar gonar yadda take. Ya ce hakan ya halatta in duk magada sun yarda. Na dubi 'yan'uwana ɗaya bayan ɗaya. Ƙanwata ta sunkuyar da kai. Ɗaya daga cikin mazan ya ce shi ya riga ya yi magana da wani mutumin Kurfi a kan kasonsa, magana kuwa ta yi nisa. Ɗayan ya ce tunda an taru an taru. Ban ga laifinsu ba, ni na buɗe ƙofar, ba ni da bakin cewa kada a fita.

Haka aka ja igiya har azahar. Baba Ƙarami ne ke gaba, yana nuna inda ya kamata a karkata saboda kwari, yana cewa wannan ɓangaren ya fi wancan ƙarfi, a ƙara wa mai tudun taku kaɗan don a yi adalci. Shi ya buga turakun kasona da hannunsa, ya taka gindinsu da ƙafa don kada iska ta kayar.

Da muka koma gida na bi Yaya har ɗakinsa, ban ko yi sallama da kyau ba. Na ce don me bai faɗa mini ba? Kalma ɗaya ta isa, a zauren nan, da ya ce mini ki tuna da gidan marigayi, da na kama bakina.

"In na hwaɗa maki, na hwaɗa ma kowa ke nan," ya ce. "Daga ranar shina cikin gonar ne don mun ji tausai nai. Shekara sha ɗaya yaron ga shina cin tuwon gidan ubanshi, ba sadaka ba. Matarshi na ɗibar awo kamar matar kowa. Abin da nike tsaro ke nan."

Na yi kuka a ɗakin nan, amma ko a cikin kukan ban yarda ya gama gaskiya ba, kuma har yau ban yarda ba. Na ce masa shi ya riƙe gona, ya riƙe rumbu, ya riƙe har dalili, ya bar mu muna zarginsa da abin da bai yi ba. Da ya zaunar da mu tun farko, mu biyar, da wataƙila mun fitar wa gidan marigayi nasu cikin rufin asiri kafin wani ya yi magana da mutumin Kurfi. Ya ce wataƙila. Ya ce wataƙila kuma da tun shekarar farko aka watse. Babu wanda ya san wanne ne a cikinmu, don ba a noma shekarar da ta wuce.

Ranar Litinin na ba abokan aikina labari a teburi, ban rage komai ba. Na yi zaton wata za ta ce ai ta faɗa, ko wata ta sauya ra'ayi, ba a yi ko ɗaya ba. Madam Lissafi ta ce laifin ba na rabo ba ne, a raba ɗin, sannan kowa ya yanka wa yaron daga nasa, ai mai abu shi ke kyauta. Mama Kimiyya ta ce kuskurenmu shi ne mun kira mai igiya kafin mu zauna mu yi magana, a ko'ina kuma zaman ake fara yi. 'Yar Dutse ita kuwa ta turo mini ragowar awararta. Aka buga ƙararrawa kowa ta ɗauki allinta.

Shawarar Madam Lissafi na bi, don ita kaɗai ta rage. Na koma na ce a raba kasona biyu, ɓangaren kwarin, wanda ya fi kyau, na ba Baba Ƙarami halak malak. Yaya ya yanka masa daga nasa fiye da abin da na bayar, ƙanwata ta ƙara 'yan kunyoyi. Aka kira Malam da shaidu aka tabbatar kyauta ce, ba aro ba. In aka haɗa, abin da ya samu ya ɗan haura kason mace guda. Na ce a raina to, an gyara, har na fara jin sauƙi.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya, bayan an sauko daga masallaci, aka yi sallama a ƙofar gidana a Dutsin-Ma. Baba Ƙarami ne, cikin shaddarsa ta Sallah, da matarsa a bayansa riƙe da kaza. Wannan mutumin da in ya shigo gidana kicin yake wucewa ya buɗe tukunya yana tsokanata wai miyar 'yan boko ba ta da daddawa, shi ne ya tuɓe takalmi tun daga bakin ƙofa, ya durƙusa a gefen tabarma. Na ce ya tashi ya hau kujera.

"Nan ma ya yi, Gwaggo."

Ya yi godiya mai tsawo, irin wadda ake yi wa manya, ya ce Allah ya saka, Allah ya ƙara arziki, Allah ya sa 'ya'yana su yi mini fiye da haka. Matarsa tana amin, amin, kanta a ƙasa. Ina zaune a kan kujera, ban taɓa jin na tsani kujera kamar ranar ba. Na kawo abinci suka ɗan taɓa. Da za su tafi ya sake durƙusawa.

"Gwaggo, mi kike so a shuka a wurin?"

Kwarin da ya sani tun yana bin bayan shanun huɗa, ni da ban san bambancin ƙasar dawa da ta gero ba yake tambaya. Na ce masa gonarsa ce, Malam ya shaida, mai unguwa ya shaida, ya shuka abin da ya ga dama, kada ya ƙara tambayata. Ya ce to.

Da ruwan shuka ya sauka, sai da ya bugo waya ya sake tambaya.